Gwajin Ƙarfin Surukina

Ba za ni taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da na so in manta, don mutanen Unguwar Lalle sun ɗaukar wa kansu aikin tuna mini. Ranar ce na saɓa babbar riga, na hau babur daga Sabon Birni, na tafi auna ƙarfin surukina da wayar hannu.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san irin girman da ya zube. Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti. Aikina allura, awon jini, wankin ciwo da rubuta kati. Amma a ƙauye duk wanda ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya ya zama likita, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara wa kowa ba. (Shekara goma sha ɗaya ana ce mini Likita, ina amsawa da wata irin "na'am" mai taushi.) Shekaruna talatin da tara a lokacin, ga tumbi ya fara yin gaba, ni ina bin sa a baya. Ko shagon da ke bakin layinmu da babur nake zuwa.

Surukina kuwa, Malam Nomau, mahaifin maiɗakina Rabi, ya haura saba'in. Siriri ne kamar karan dawa, manomi tun yana ɗan ƙarami, mutum mai ƙarancin magana. A daminar ne ya fara haki in ya yi noma kaɗan, har wata rana ya yanke jiki ya faɗi a gona. Muka kai shi babban asibiti a Sakkwato, aka yi masa hoton zuciya. Likitar da ta duba shi, wata mace 'yar Zariya da ba ta iya kwana-kwana ba, ta ce ɗaya daga cikin ƙofofin zuciyarsa ta tsuke, kuma sai an yi aiki. Ta ce akwai ayarin likitocin da za su zo nan da wata biyu, amma gurbi kaɗan ne.

Sai ta ƙara da wani bayani. Ta ce kafin a buɗe ƙirjin tsoho, dole a san ko jikinsa zai ɗauki aikin. "Ba shekaru muke dubawa ba," in ji ta. "Akwai ɗan tamanin da zai tashi bayan aiki ya koma harkarsa, akwai ɗan sittin da gado zai riƙe. Ƙwarin jiki muke aunawa." Idan gwajin ya yi kyau, sunansa zai shiga. Idan ya nuna rauni, za a ɗage a gina jikin tukuna, wataƙila ma a haƙura da aikin baki ɗaya, a bar shi da magani.

Da yake kowa ya san halin da hanyarmu take ciki, ta ce babu buƙatar a sake kwaso tsoho zuwa birni saboda gwajin minti goma. Akwai manhajar da ake sa wa a waya. Ana ɗaura wayar a ƙugun mutum, ya yi tafiyar mita biyar, ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafa komai ba, sannan ya tsaya ƙafa ɗaya gaban ɗaya na ɗan lokaci. Wayar ta auna, ta aika mata. Ta tambaya ko akwai ma'aikacin lafiya kusa da mu da ya halarci horon da aka yi a kan manhajar.

Na gyara zama, na yi gyaran murya. "Ai Dakta, ga ni. Da ni aka yi."

Gaskiya ne da ni aka yi. Abin da ban faɗa ba shi ne, a rana ta biyu bayan an ci shinkafa da nama, jikina ne kawai ke cikin ɗakin taron. Na farka na tarar ana tafi, ni ma na tafa.

Ranar da aka sa ta zo. Rabi ta riga ni tafiya tun jajibiri, don haka kafin in iso labari ya gama gari cewa mijin Rabi zai zo da na'urar da ke ganin cikin mutum. Na tarar da ƙofar gida cike. Ƙanen surukina, Baffa Jari, wanda bakinsa ba ya ƙaiƙayi sau biyu bai sosa ba, shi ya tarbe ni. Aka kai mini tuwon gero da miyar kuka a zaure, da ƙwaryar fura mai nono. Na ce kaɗan za ni taɓa. Ƙwaryar dai da aka mayar cikin gida, ko wanki ba ta buƙata.

Bayan la'asar muka shiga tsakar gida. Na fito da tef na auna mita biyar, na sa aka ja layi biyu da toka. Gidan babu kujera, kowa tabarma yake zama, sai aka aro ta roba daga makarantar Islamiyya. Mata suka yi cirko-cirko a bakin ɗakuna, maza suka jeru jikin katanga. Na durƙusa na gai da Baba, wato surukin nawa, na buɗe manhajar, na rubuta sunansa da shekarunsa, na danna wani koren maɓalli da ya fito, ina yi ina ɗaga wayar sama don kowa ya ga Turanci ne a ciki.

Nan matsala ta farko ta taso. Wayar a ƙugu ake ɗaura ta. Ku gaya mini, wane Bahaushe ne zai zagaya hannu a ƙugun surukinsa? Ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Na tsaya riƙe da ɗamarar kamar wanda aka ba jaririn da ba nasa ba. Sai dabara ta zo mini.

"Baba, bari in fara gwada maku yadda ake yi. Baffa ya ga yadda ake ɗaurawa, sai ya ɗaura maku."

Na ɗaura ɗamarar a ƙuguna (sai da na kai ramin ƙarshe kafin ta kama), na sa wayar a jakarta. Na tsaya a layin toka na farko na taka zuwa na biyu, cikin taƙama, babbar riga na share ƙasa. Wayar ta yi "ƙit". Na ce wa jama'a sabis ne ke neman shigowa. Na zauna a kujera, na harɗe hannuwa a ƙirji kamar yadda na tuna an nuna. Tashi na farko lafiya. Na biyu, furar ta motsa. Na uku, gwiwata ta dama ta yi wata ƙara da har akuyar da ke ɗaure ta waiwayo. Na huɗu da na biyar kuwa, ni da Allah muka san yadda aka yi. Tsayuwar ƙafa ɗaya gaban ɗaya ba ta daɗe ba, na yi tangal-tangal na dafa turmi. Wayar ta sake yin "ƙit, ƙit".

"Da gangan na yi a hankali," na ce, ina ɓoye haki, "don Baba ya gani da kyau."

Baffa Jari ya karɓi ɗamarar ya ɗaura wa yayansa, sai da ya ninka ta biyu. Baba ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla. Wallahi kafin in gyara hula ya ƙetare layin toka. Ya zauna a kujera ya tashi, ya zauna ya tashi, kamar mai sassabe yana sauri kafin hadari. Ya ɗan yi haki, amma ko kusa bai kai nawa ba. Ya tsaya ƙafa gaban ƙafa, tsaf, har sai da na ce ya isa. Mata suka yi guɗa.

Na karɓi wayar ina murmushi. Murmushin ya tsaya a rabin hanya. Fuskar wayar ja wur. An rubuta sunan Baba, a ƙasa an rubuta cewa akwai rauni mai yawa, kuma an riga an aika wa likita.

A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya ya ce, idona ya ga abu kaza, waya ta ce kaza, bari in sake dubawa. Ni ban yi ba. Na tsuke fuska irin ta manyan likitoci, na girgiza kai a hankali.

"Mi ta ce, Likita?" in ji Baba.

"Baba, sai dai haƙuri. Ta nuna ja."

Baffa Jari ya ce, "Ja kamar ƙaƙa? Mu da munka ga mutum shina tashi awa tsuntsu?"

"Baffa, ido daban, na'ura daban," na ce. (Ku ji fa. Har da ɗaga yatsa.) "Akwai raunin da ke ɓoye cikin ƙashi, ido ba ya ganin sa. Shi ya sa Turawa suka ƙera wannan."

Baba ya kalli layin toka. Can ya ce, "To. Ba ni jayayya da ilimi. Abin da Allah Ya rubuta shi za a gani." Ya sa takalminsa ya shiga ɗaki. Inna, surukata, ta bi bayansa. Rabi ta juya fuska jikin katanga, kafaɗunta na rawa. Na koma Sabon Birni kafin magariba, zuciyata ba daɗi, amma in gaya muku gaskiya, da ɗan alfaharin cewa na faɗi magana mai nauyi ban yi in'ina ba.

Kwana biyu likitar ba ta kira ba, tana ɗakin aiki. A kwana biyun nan surukina ya shirya wa tafiya lahira tsaf. Rabi ce ke ba ni labari a waya tana kuka. Ya daina fita masallaci da ƙafarsa sai an riƙe shi, mutumin da shekaranjiya ya tsere wa kowa. Ya rage cin abinci. Ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya. Ya bi gida-gida neman gafara. Abin da ya fi girgiza gari, ya aika aka kira maƙwabcinsa na gona, wanda suka yi shekara takwas ba sa ga-maciji a kan iyaka, ya ce masa a gaban liman, "Kunya ukun nan na gona da muke rigima kansu, na bar maka, duniya da lahira." Maƙwabcin ya fashe da kuka, ya rungume shi, washegari da sassafe kuma ya je ya matsar da iyakar, don kada a yi sake.

Ran Asabar da safe likitar ta kira ni. "Malam, na ga sakamakon da ka aiko. Bai yi kama da mutumin da na gani a ofishina ba. Ya yi wata rashin lafiya ne a tsakani?"

Na ce a'a, amma ai ta san tsufa.

"Na san tsufa," ta ce. "Ka je can yau, ka kira ni ta bidiyo. Ina so in gani da idona kafin in cire sunansa."

A gidan surukina sabis ba ya kamawa sosai sai a ƙofar gida, gindin wata bedi, inda wani lokaci ma na Nijar ne ke shigowa. Don haka a waje aka sake jan layin toka, aka sake aro kujerar Islamiyya. Wannan karon jama'a sun ninka na Laraba, don an ce likitar birni za ta fito a cikin waya. Har liman ya zo, har maƙwabcin gona, yana zaune a sahun gaba da fuskar tausayi.

Aka fito da Baba ana riƙe da shi. Likitar ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi jiki, sannan ta ce, "Baba, a sake ku. Ku yi mini tafiyar nan yadda kuka saba zuwa gona."

"Ɗiyata, ai an ce ƙashina ya mutu."

"Wa ya ce?"

Ido kusan sittin suka juyo kaina. Na duƙufa ina gyara riƙon wayar.

"Ku dai gwada mini," ta ce. "Ni zan riƙe agogo."

Baba ya taka. Da fari a ɗarare, amma ƙafa ba ta iya ƙarya ba, kafin tsakiyar layi ta koma halinta. Ya zauna a kujera ya tashi sau biyar. Likitar ta ce, "Daƙiƙa goma sha ɗaya." Ya yi tsayuwar ƙafa, ko gezau. Ta duba wani abu a gabanta.

"Malam," ta ce da ni, kuma wayar a buɗe take kowa na ji, "abin da ka aiko mini ran Laraba daƙiƙa ashirin da biyu ne. Mutum ba ya rage rabin lokacinsa a kwana uku, musamman wanda bai ci abinci ba. A jikin wa wayar take lokacin da ka danna koren maɓallin?"

Na buɗe baki. A daidai lokacin wani abu ya faɗo mini a rai, kamar a mafarki: muryar mai horarwa daga nesa, ina tsakiyar gyangyaɗi, yana cewa da zarar an danna kore gwajin farko shi ne na gaske, mai son ya nuna wa tsoho ya shiga ɓangaren koyo.

Baffa Jari bai jira ni ba. Ya matso da fuskarsa har ta cika wayar. "Hajiya Likita, ai shi ya fara ɗaurawa! Shi ya yi tafiya, shi ya zauna kujera. Mun ji abin ya yi ƙit-ƙit, ya ce muna sabis ne."

"To," in ji ta. Na ga tana cije leɓe. "Don mu tabbata, Malam, ba wa Baffa wayar, ka zauna a kujerar."

"Dakta, ai ba sai…"

"Dole in rubuta dalilin soke sakamakon farko. Zauna."

Jama'a, na zauna. A gaban surukina, da surukata da ke leƙe ta zaure, da matata, da liman. Na ƙudura a raina cewa yau ko gwiwa za ta tsage sai na wanke kaina. Na tattare babbar riga, na harɗe hannuwa, na yi bisimilla a ɓoye. Ɗaya. Biyu. Baffa Jari ya fara ƙirgawa da ƙarfi, jama'a suka kama masa kamar masu karatun allo. "Uku!" Gwiwa ta yi ƙararta. "Huɗu!" Gumi ya shiga idona. A na biyar na yunƙura da dukan abin da Allah Ya hore mini, na miƙe, ƙafar kujerar ta baya ta lanƙwashe, hulata ta yi nata wuri.

Kowa ya zuba wa wayar ido ana jiran hukunci.

"Ashirin da uku," in ji likitar. "Shi ne. Ka ma ƙara ɗaya."

Ban taɓa sanin liman na dariya har ya riƙe ciki ba sai ranar. Wata tsohuwa ta yi salati ta ce, "Wayyo Rabi, ashe gawa kike aure!" Baffa Jari ya zauna a ƙasa yana buga cinya. Na duba inda Rabi take, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa kamar ran Laraba, sai dai wannan karon ba kuka ba ne.

Likitar ta bari aka lafa, sannan ta yi magana da Baba. Ta ce jikinsa na da ƙwari, sunansa na nan. Ta ce ya koma cin abinci yau ɗin nan, ƙwai, wake, nono, ya riƙa ɗan tattaki safe da yamma amma kada ya ɗauki fartanya, kuma aiki aiki ne, ba ta ce babu haɗari ba. Ta sa aka maimaita gwajin da wayar a ƙugunsa, ta fito kore. Sannan ta ce a ba ni. Na kai wayar kusa da fuskata ina fatan ta rage murya. Ba ta rage ba.

"Malam, kuskure kowa na yi. Amma in idonka ya ga abu, waya ta faɗi wani, ka kira ni kafin ka gaya wa mara lafiya. Kwana uku ka sa bawan Allah yana jiran mutuwa." Ta ƙara da cewa, "Kuma in ka shigo Sakkwato ka biyo in auna jininka. Da gaske nake."

Wannan ta fi dariyar zafi, don gaskiya ce. Na je gaban Baba na durƙusa, gwiwa na ƙara, na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana kallona. Mutumin da tun da na auri 'yarsa bai taɓa yi mini magana mai tsawo ba.

"Tashi, Likita," ya ce. Sai ya miƙo hannu. "Ko in kama ka?"

Aka sake fashewa. Maƙwabcin gona ne kawai bai yi dariya ba, yana ta sulalewa ta bayan mutane. Baffa Jari ya hango shi ya ce, "Kai, dawo! Mutum bai mutu ba, a maido kunyoyi!" Baba ya ɗaga hannu. "Bar shi. Abin da na ba da gaban liman, na ba da." Ya juyo gare ni. "Ni na bar kunya uku, kai ka kwashi ta huɗu. Wadda ka ɗauka ta fi nauyi."

An yi aikin bayan sati biyar. Mun yi zaman jira a barandar asibiti tun safe har bayan azahar, sai da likitar ta fito ta ce alhamdu lillahi. Kwana na biyu aka tashe shi tsaye, kwana na tara muka dawo gida. Yanzu haka yana nan, ya koma zagaya gona, yana faɗa da jikoki a kan tsuntsaye.

Ni kuma na je an auna jinin. Ba za ni faɗi abin da aka gani ba, amma na haƙura da wani ɓangare na tuwon dare, kuma da ƙafa nake zuwa aiki, mutane na tsayar da babur suna tambaya ko lafiya. A Unguwar Lalle sunana ya tashi daga Likita ya koma Ashirin-da-uku. Har katin ɗaurin aure an taɓa aiko mini da shi a haka.

Tun daga nan na auna tsofaffi da dama da wannan manhaja, ban ƙara kuskure ba, don yanzu a taron horo a sahun gaba nake zama, kuma ba na cin shinkafar sai an tashi. Abin da na koya bai fi wannan ba: kafin ka ɗauki mudu ka ce za ka auna wani, leƙa ciki tukuna, kada ya zamana kai ne a zaune.